Ɗamarar Gwiwar Inna

Ƙarar muka fara ji tun kafin Inna ta yarda cewa tana jin ciwo. Duk lokacin da za ta miƙe daga 'yar kujerar da take zama a gaban murhu, sai gwiwarta ta dama ta yi ƙurus-ƙurus kamar ana tauna ƙanzo. Ni ce 'yarta ta fari, don haka ba ta kama sunana, kuma ba ta gaya mini damuwarta kai tsaye. Ran da na tambaye ta ƙarar mene ne wannan, sai ta ce gawayi ta taka.

A unguwar New Bell muke, a gidan katakon da mahaifina ya rasu ya bari. Kakanninmu fataucin goro ne ya kawo su daga arewacin Nijeriya, amma ni da Inna duk a Douala aka yanke mana cibiya. Shekarun nan ne da kowa ba shi da magana sai ta kiris, kalmar Faransancin da aka laƙaba wa matsin da gari ya shiga. Mai gyaɗa ya ce kiris, direban taksi ya ce kiris, ma'aikacin gwamnati da muke ganin ya tsallake, shi ma kiris. Maigidana yana aiki a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, wata safiya aka tara su aka ce an rage ma'aikata. Ba a daɗe ba muka kwashe kayanmu daga ɗakin haya muka dawo wurin Inna, ni da shi da yara. Ya san ba mutunci ba ne namiji ya zauna gidan surukai, shi ya sa yake ficewa tun da safe neman abin yi, ko akwai ko babu. Gidan gaba ɗaya a kan kaskon Inna ya tsaya.

Kifi take soyawa. Bayan sallar asuba za ta shiga taksi zuwa Youpwé, ta gangara bakin ruwa inda kwale-kwale suke sauke kaya, ta tsuguna cikin taɓo tana ɗaga kunnen kifi ɗaya bayan ɗaya don ta ga jansa. Ta dawo ta tsuguna ta kankare, ta tsuguna ta wanke, da la'asar kuma ta zauna a kan kujerar nan da ba ta fi tafin hannu tsawo ba, ta yi ta suya a ƙofar gida. Rayuwarta duk a tsugune take.

Da damina ta kankama abin ya fito fili, gwiwar ta kumbura. Gidajen unguwarmu dokin ƙofarsu dogo ne, an ɗaga shi da siminti saboda ruwan da ke cika lungu ya shigo ɗaki. Sai na ga Inna tana tsayawa a bakin ƙofa ta dafa bango, ta yi shawara da kanta wace ƙafa za ta fara fitarwa. Hawa bai cika damunta ba, sauka ce masifa. Idan ta shiga bayan gida sai ta daɗe, ta fito tana gumi. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne salla. Za ta yi ruku'u lafiya, amma idan ta zo kai gwiwa ƙasa sai ta cije leɓe, ta sauka a gicciye kamar mai ajiye tulu.

"Inna, a zaune ma ana salla," na ce mata.

"Wanda ya gaza ne yake yi a zaune. Ni na gaza ne?"

An yi na gida. An shafa man zafi, an shafa man kaɗanya da kanwa. Wanzami ya zo ya kafa ƙaho a gefen gwiwar, ya nuna mana baƙin jini ya ce sanyi ne, ga shi ya fita. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwar Bafulatana daga Ngaoundéré da muke kira Goggo, ta kawo wani ganye ta ce a dafa a riƙa gasawa. Kowanne sai ya yi aiki na yini ɗaya ko biyu, Inna ta yabe shi, sannan ciwon ya dawo inda yake. Sai ran da ƙafar ta saki a Youpwé, ta zube da kwandon kifi a gaban mutane, sannan ta yarda mu je asibiti.

Ni na raka ta, saboda ni na yi firamare, ina jin Faransanci. Inna Hausa da Pijin ɗin kasuwa kawai take da su. Likitan mutum ne mai furfura, ga alama a gajiye yake, amma bai yi mana gaggawa ba. Ya kwantar da ita, ya ɗora tafinsa a kan ƙoƙon gwiwar ya ce ta lanƙwasa ta miƙe. Har ni da ke tsaye na ji ƙarar. Ya tura mu aka ɗauki hoton ƙashin, muka dawo ya ɗaga shi a hasken taga.

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce ƙoƙon gwiwa yana zamewa ne a cikin wani ɗan kwari a ƙarshen ƙashin cinya, kuma tsakaninsu akwai guringuntsi mai santsi. Na Inna ya cinye, musamman ta gefen waje, saboda ƙoƙon nata ya ɗan karkata can. Yanzu ƙashi ke gugar ƙashi. Na gane duk abin da ya faɗa a Faransanci. Da na juyo zan mayar da shi Hausa, sai kalmomin suka watse.

"Me ya ce?" Inna ta tambaya.

"Ya ce murfin gwiwarki ya goce daga hanyarsa."

"To a mayar da shi mana. Ba ga maɗori nan a unguwa ba?"

"Ba targaɗe ba ne, Inna. Ya ce abin da ke tsakani ne ya cinye."

"Wa ya cinye shi?"

Na tambayi likita, ya yi murmushi ya ce shekaru da tsuguno. Ya ce abin da ya cinye ba ya dawowa. Wannan ban fassara ba. Ya rubuta maganin rage zafi, sannan ya ce a nemo mata jenuyer, wato wata ɗamara ta roba da ake zura ƙafa a ciki ta kama gwiwa. Ya ce tana riƙe ƙoƙon a hanyarsa, wasu suna jin sauƙi da ita. Ya yi wani ƙarin bayani a kan irin wadda za a saya, amma a daidai lokacin wata nas ta leƙo tana kiransa, Inna kuma tana jan mayafina tana tambayar ko allura za a yi mata. Na gyaɗa masa kai muka fito.

Kantin magani na farko suka ce ta ƙare. Na biyu suka ce tun bara ba a kawo ba. Na uku, a cikin gari, akwai guda a bayan gilashi, amma da mai kantin ya faɗi kuɗinta sai na yi masa godiya na kama hanya. Maganar ta kwanta, har ƙanen Inna ya ji labari.

Kawu gwanjo yake sayarwa a kasuwar Marché Dakar. Mutum ne da ba a rasa shi da dabara, ko da dabarar ba ta yi ba. Wata Juma'a ya shigo da sallama yana kaɗa wani abu baƙi a hannu.

"Yaya, Allah ya kawo miki magani har gida. Jiya na fasa dilar safa, na tsinci wannan a ciki."

Ita ce, ba shakka, irin wadda na gani a bayan gilashi. Baƙar roba mai kauri, tana warin gwanjo, da maɗauri biyu masu mannewa, sama da ƙasa. A tsakiya akwai rami zagayayye, a gefe ɗaya na ramin kuma an ɗinka wani abu mai tauri kamar rabin awarwaro. Akwai ɗan ƙyallen rubutu a ciki, amma wanki ya cinye shi. Muka wanke ta da ruwan zafi muka shanya, sannan muka zauna a tsakar gida mu huɗu, ni da Inna da Kawu da Goggo, muna juya ta.

Kawu ya ce ramin na gaba ne, don ƙoƙon ya leƙo. Goggo ta ce ina, wane mai hankali zai bar wurin ciwo a buɗe ya rufe wurin lafiya? Ni na yi ta ƙoƙarin tuna abin da likita ya faɗa a ƙarshe, ban samo komai ba. Wadda na gani a kanti a naɗe take cikin kwali. Inna ta saurare mu duka, sannan ta karɓi abarta.

"Inda gwiwa take lanƙwashewa nan ne gumi yake taruwa," ta ce. "Turawa sun san zafi. Ramin shan iska ne."

Ta zura ƙafa, rami a baya, ta ja maɗauran. Ta miƙe, ta taka zuwa bakin ƙofa, ta tsallake dokin ƙofar ba tare da ta dafa bango ba. Ta tsaya a waje ta juyo tana kallonmu. Kawu ya yi kabbara. Daga nan ba wanda ya sake musu.

A makonnin nan ne kuma aka shiga rufe gari don nuna adawa da gwamnati. Daga Litinin zuwa Juma'a ba taksi, ba kasuwa, ba shago. Samari sun tare tituna da tayoyi da duwatsu, sojoji suna sintiri. Asabar da Lahadi kaɗai ake buɗewa kowa ya yi cefane. Mu mutanen unguwa ba mu san inda za mu sa kanmu ba. Ka buɗe rumfa a ce ka ci amanar gari, ka rufe yara su kwana da yunwa. Inna ta koma zuwa Youpwé a ƙarshen mako kawai, ta sayo abin da za ta iya, ta soya wani ta ƙyafe wani. Sauran kwanakin tana zaune a kan tabarma, ƙafa a miƙe, ɗamara a ɗaure, tana sayar wa maƙwabta ta ƙofar baya.

Gwiwar kuwa ta yi sauƙi, wannan ba ƙarya. Kumburin ya saɓe. Ƙarar tana nan, amma Inna ta daina cije leɓe. Har ta fara yi wa matan unguwa wa'azin ɗamara, duk wadda ta shigo sai ta ɗaga zane ta nuna mata.

Maigidana ne ya fara kawo shakka, cikin ladabi, yana kallon ƙasa kamar yadda yake yi idan zai yi mata magana.

"Inna, ni a ganina hutun da kika samu ne. Da kullum kina bakin ruwa, yanzu kuwa sai ƙarshen mako."

"Hutu? Da ban huta ba ran da nake zazzaɓi? Gwiwar ta daina?"

Goggo ta ce ganyenta ne, sai yanzu ya ratsa ƙashi. Ni kuma na san Inna tana shan ƙwayoyin likita safe da yamma, ko da yake tana cewa ba sa yi mata komai. Abu huɗu a lokaci ɗaya, kowa ya kama nasa. Ni ban kama ko ɗaya ba, na dai ji daɗi.

Da gari ya fara lafawa, motoci suka dawo titi, muka koma wurin likita kamar yadda ya ce. Inna ta sa mayafinta na fita. Ta shiga ofis ɗin da ƙafarta ba dogarawa, ta hau gado, ta ɗaga zane da alfahari. Likita ya duba. Ya cire tabarau ya sake dubawa.

"Wa ya sa mata ita haka?"

"Ita da kanta," na ce.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a rufe gari."

Ya kwance ɗamarar ya juya ta a hannu. Ya ce ramin na gaba ne, ƙoƙon gwiwa ke zama a ciki. Abu mai taurin nan kuma aikinsa ya tsaya a gefen waje ya tokare ƙoƙon kada ya goce. Sai ya gwada ta a kan ƙafar Inna, rami a gaba. Taurin ya faɗo a gefen ciki.

"Wannan ta ƙafar hagu ce," ya ce.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce masa amma ta samu sauƙi, wallahi ta samu. Ya ce ya gani, kumburin ya tafi, bai ƙaryata ba. Na ce to ta yaya? Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce wataƙila ɗumin robar ne. Wataƙila matsin ne yake sa mutum ya ji ƙafarsa a riƙe, ya taka da natsuwa. Wataƙila taurin da ke bayan gwiwar ne ya hana ta tsugunawa can ƙasa, tsugunon kuwa shi ne abokin gabarta. Wataƙila kuma zaman gida ne. Ya ce gaskiya ko waɗanda suka sa ta daidai, wani ta yi masa aiki wani ba ta yi ba, su ma likitoci ba kullum suke sanin dalili ba. Abin da ya tabbata shi ne ɗamara ba ta mayar da abin da ya cinye.

"To yanzu yaya za ta sa?"

"Kada ta sa rami a gaba a wannan ƙafar, zai tura ƙoƙon inda ba a so. Idan kun samu ta dama, ya fi. Idan ba ku samu ba, ta ci gaba yadda take yi, tunda ta ji daɗinsa. Kada dai ta matse da yawa."

Inna tana ta kallon bakinmu. "Ke, me yake cewa?"

Da na san abin da zai biyo baya da na ce ya yaba. Amma na faɗa mata duka: a juye take, kuma ba ta wannan ƙafar ba ce, amma ya ce ta ci gaba.

"A juye take, kuma in ci gaba?"

"Haka ya ce."

"To ita juyayyiyar ce magani, ko daidai ɗin?"

Na juya wurin likita. Na tambaye shi, sai ya yi dariya, ba ta raini ba, ya rubuta mana takardar zuwa wurin masu gasa ƙashi da motsa jiki na asibitin.

Tun a taksi Inna ta fara shafa gwiwar. Washegari ta sa ɗamarar yadda ta saba, ba a yi nisa da hantsi ba ta cire ta jefar a kan gado. Ta ce tana cizonta a baya. Na duba, akwai ɗan ja a fatar, amma ban sani ba ko sabo ne ko ya daɗe ba mu lura ba. Ciwon ya dawo kamar jiya ya tafi. Maigidana ya ce ai dole, ta koma Youpwé kullum. Goggo ta ce baki ne, Inna ta cika nuna wa mutane. Kawu ya zo ya ce shi tun farko ya faɗa ramin na gaba ne, ba wanda ya saurare shi. Inna ta ce to ai da an bi tasa da ƙoƙon ya ƙarasa gocewa. Kawu ya ce zai duba dila ta gaba. Ya fasa diloli da yawa a shekarar nan, bai sake tsintar ko ɗaya ba.

Ni abin ya tsaya mini a rai. Idan ɗamarar ce ta yi aiki, me ya sa ta daina ran da aka ce a juye take? Idan ba ita ba ce, me ya sa Inna ta tsallake dokin ƙofa a ranar farko, tun ba a rufe gari ba, tun ba ta huta ba? Na gani da idona. Nakan zauna ina kankare kifi ina juya maganar, in kamo ta nan ta suɓuce ta can.

Mai motsa jikin wata mata ce ƙaƙƙarfa, 'yar kudu, tana jin Pijin, don haka suka yi magana da Inna ba tare da ni ba. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Ta matsa cinyar Inna ta ce naman ya saki, shi ne ainihin abin da ke riƙe ƙoƙon gwiwa, ba roba ba. Ta koya mata ta kwanta ta miƙe ƙafa ta ɗaga sama, ta riƙe, ta sauke a hankali. Ta ce ɗamara ta tafiya ce da aiki, ba ta zama ba. Wanda ya yini da ita yana zaune bai ƙaru da komai ba sai gumi. Inna ta juyo ta kalle ni, don ita duk sauƙin da ta samu a zaune ta same shi. Matar ta kuma tambayi irin kujerar da take suya a kai. Da Inna ta nuna tsawonta da hannu, sai matar ta riƙe baki.

Wannan ya ba maigidana abin yi. Ya samo katako ya haɗa mata kujera mai tsawo, ya jera bulo ya ɗaga murhun ya kai mata ƙugu. Ya kafa wani ƙarfe a bangon bayan gida don ta riƙa kamawa. Inna ta yi kwana biyu tana ƙorafi cewa an mayar da ita mai gasa kifin bakin mashaya, sannan ta saba. Motsa ƙafar kuwa sai ta rufe ƙofa take yi, don kada jikoki su ga kakarsu tana harba ƙafa sama. Salla ma ta koma yi a kan sabuwar kujerar, ba tare da kowa ya sake ce mata komai ba.

Ana nan sai ƙafar hagu ta fara. Dama an ce za a rina, ta daɗe tana ɗaukar nauyin 'yar'uwarta. Wata safiya na tarar da Inna ta ciro ɗamarar daga ƙarƙashin katifa tana kaɗe ta.

"Ba cewa ya yi ta hagu ce ba? To ga mai ita ta zo."

Ta sa ta daidai wannan karon, ƙoƙo a cikin rami, tauri a gefen waje. Ɗamarar ta zauna cif kamar an auna. Na tsaya ina jiran in ga abin mamaki. Ta taka, ta dawo, ta ce ba laifi. Bayan kwanaki na tambaye ta, ta ce idan za ta sauka gangaren bakin ruwa tana jin an riƙe ta, ba ta tsoron ƙafar ta saki. Na ce ciwon fa? Ta ce ciwo yana nan. Sai ta ƙara da cewa amma ta daman ta yi sauƙi.

"Ta dama? Ai a hagu kika ɗaura."

"Ni ma na sani. Abin da na ji nake gaya miki."

Da zafin rani ya shigo, robar ta fito mata da ƙuraje, dole ta riƙa sa tsohuwar safa a ciki. Wata rana ta sa, wata rana ta bari. Na yi ƙoƙarin lura ko ranakun da ta sa sun fi, amma sai ruwa ya sauko, ko kifi ya yi yawa, ko ta je gaisuwar mutuwa ta zauna a tabarma yini guda, lissafin ya rushe.

A ƙarshe ni na karɓi zuwa Youpwé. Ba a zauna an yanke shawara ba. Na fara raka ta ina ɗaukar kwando, sai ta riƙa tsayawa a sama tana nuna mini da hannu, sai wata rana ta ce in tafi ita za ta haɗa wuta. Masu kwale-kwale sun daɗe suna tambayata ina Mama. Ita kuma idan na dawo sai ta binciki kifin ɗaya-ɗaya, ba ta taɓa rasa wanda za ta ce an cuce ni a kansa ba. Maigidana ya samu babur yana haya, irin waɗanda suka cika gari bayan rufe-rufen nan. Ƙanena da ya gina gida a unguwar Kotto ya zo ya ce Inna ta koma wurinsa ta huta. Ta je ta ga bene ne, ta kwana biyu ta dawo.

Tunda ta daina gangara bakin ruwa, ɗamarar ta zama ta unguwa. Wadda za ta biki mai nisa ta aiko a ara mata, wadda ta yi tuntuɓe ta aiko. Inna takan ba da ita tare da bayani, amma bayanin yana sauyawa. Wata sai Inna ta ce mata rami a gaba, wata kuma ta ce mata ta gwada duka biyu ta ga wanda ya karɓe ta. Na ce Inna, ai likita ya faɗi yadda ake sawa. Ta ce likita ya faɗi abubuwa da yawa ran nan.

Goggo ce ta ara ta ƙarshe. Mijinta ya tsufa, aikin gadin da yake yi ya ƙare, suka yanke shawarar komawa gida Ngaoundéré. Ta ce zaman jirgin ƙasa zai kashe mata gwiwa, a ba ta ɗamarar, za ta ba wani mai zuwa ya dawo da ita. Inna ta naɗe ta a leda tare da soyayyen kifi na guzuri. Suka rungume juna a bakin lungu suna kuka, Goggo tana cewa "yafe mini", Inna ma tana cewa "yafe mini".

Ɗamarar ba ta dawo ba. Bayan watanni wani mai kawo shanu daga arewa ya tsaya a ƙofarmu ya ce Goggo tana gaisuwa, ta ce a gaya wa Inna abin nan yana aiki sosai, Allah ya saka.

"A wace ƙafa take sawa?" Inna ta tambaye shi.

Mutumin ya ce shi dai a hannun mijin Goggo ya gan ta, a gwiwar hannu.

Inna ta ce in zuba wa baƙo kifi, in sa masa yaji da yawa.